Igiyar Ƙugun Baba

Sun rufe tsohuwar rijiyar unguwarmu da siminti. Da na je gida bayan sallah, yara na tarar zaune a kan murfin suna shan rake, can gefe kuma famfon tuƙa-tuƙa yana ta ƙara, 'yan mata sun jera jarkoki. Ba ƙorafi nake yi ba. Ruwan famfo ya fi tsabta, kuma babu wadda za ta sake komawa gida da tafin hannu a saɓule. Sai dai na tsaya ina sauraron abin da babu shi. A da, tun daga asuba har hantsi, kukan igiya a kan gungumen bakin rijiya ne ke cika unguwa, wani gurnani mai kauri, sai ƙarar guga idan ya bugi ruwa can ƙasa, sai muryar mata suna yi wa juna tsiya a kan wadda ta riga wata zuwa. Gungumen na kirya ne, igiya ta ci shi ta bar masa kwari-kwari, har yaro kan cusa yatsu uku a ciki. Na tambayi inda aka kai shi, aka ce an faskara an dafa abincin suna.

Ni ɗan mahaƙin rijiya ne. Baba ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kuma daga Gwashi har Nasarawa Burkullu da wuya ka sha ruwan rijiyar da bai taɓa shiga ba, ko don haƙa ko don yasa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana da safe. Aikin yana da ƙa'idodin da ba wanda ya rubuta, amma ba wanda ke tsallakewa. Da igiya biyu ake aiki. Ɗaya ta guga, wadda ake fitar da laka da ita. Ɗayar ta ƙugu, wadda mai shiga ke ɗaurawa a jikinsa, ita kuwa ba a jan komai da ita sai mutum. Kafin kowa ya sauka sai an zura fitilar ƙwai an ga ko za ta mutu, don wata rijiyar tana tara muguwar iska a ƙasanta, wadda ke kwantar da ƙato ba tare da ya ga komai ba. Sannan a share hanya miƙaƙƙiya daga bakin rijiyar, tsawonta daidai da zurfin rijiyar, a tsince kowane dutse da kowace ƙaya. Mutum huɗu ke tsayawa kusa da igiyar ƙugu. In na ƙasa ya girgiza ta, ba tambaya, ba leƙawa, saɓa ta suke a kafaɗa su ruga a guje, kafin su kai ƙarshen hanyar mutum ya fito. Baba yakan ce kafin ka gama Ƙulhuwallahu ta uku kana ganin rana.

Mutum huɗun nan 'ya'yan Baffa ne, yayan Baba. Baffa shi ma ya yi shiga rijiya a zamaninsa, har bango ya taɓa rufto masa ya bar shi da ɗingishi, daga nan ya koma zaman bakin rijiya yana saurare. 'Ya'yan nasa su ne ke jan gugan laka, amma ko babu abin ja ba sa matsawa ko'ina. Suna nan tsaye, suna cin goro, suna tsokanar duk wanda ya zo wucewa. Ni a idona na lokacin, ƙarti huɗu ne ke ɓata yini a kan aikin da bai kai ya kawo ba.

Ni aka sa boko a gidanmu, har na kai makarantar kwana a Gummi. A shekarata ta ƙarshe muka sami wani malamin kimiyya, dogo, mutumin ƙasar Anka, kullum da alli a girarsa. Wata rana ya shigo aji da wasu ƙananan tayoyin ƙarfe masu kwari a tsakiya, irin waɗanda masu injin niƙa ke kira fuli. Ya rataya biyu a jikin katakon rufi, ya haɗa biyu da bokitin yashi, ya zagaya igiya ta kansu sama da ƙasa. Ya ce mu ƙirga igiyoyin da ke riƙe da bokitin. Muka ce huɗu. Ya ce to nauyin ya kasu huɗu ke nan: in kaya kilo sittin ne, ƙarfin da zai ɗaga kilo goma sha biyar ya isa, sai ɗan abin da za a ƙara saboda gogayyar igiya da ƙarfe. Wannan adadin na igiyoyi shi ne a turance ake kira belositi reshiyo, kalmar da na riƙa taunawa kamar goro har aka gaji da ni. Ya kira mafi ƙanƙanta a ajin ya ɗaga bokitin da hannu ɗaya, muka yi ta sowa. Da muka lafa ya ƙara da cewa, amma fa in kana so kayan su tashi kamu ɗaya, sai ka ja igiya kamu huɗu. Na rubuta wannan ma, na kuma ci shi a jarrabawa. Sai dai rabin farko ne ya shiga zuciyata, na biyun a littafi na bar shi.

Ina gama makaranta na je wurin wani maƙeri a kasuwar Gummi, muka tsinto tsofaffin fuli huɗu cikin tarkacen injina, ya yi musu gida da ƙugiya. Na kawo su gida kaina a kumbure. Na kafa gwafa biyu a tsakar gida, na gitta itace, na ɗaga buhun gero da hannu ɗaya mutane na kallo. Baba, wanda sai a yi wata ba a ga haƙorinsa ba, ya yi dariya har da buga cinya. Baffa kuwa ya zagaya abin sau biyu da ɗingishinsa, ya taɓa igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Na ga nauyi ya tahi. To ina yat tahi?"

Na ce, "Ya rarrabu a kan igiyoyin ne, Baffa."

Ya ce, "Uhm. Ni dai ban taɓa ganin nauyi ya ɓace haka nan banza ba. Wani wuri shika jiranka."

Na yi murmushin da ɗan boko ke yi wa tsoho. Har yau in na tuna murmushin nan kunya ke kama ni.

A ƙarshen bazarar shekarar aka kira Baba yasar wata tsohuwar rijiya a wata ruga bayan Nasarawa Burkullu, mai zurfin gaba ashirin. Laka ta toshe idon ruwan, shanu na wahala. An yi kwana biyu ana aiki yadda aka saba, saura yini ɗaya, sai ruwan shuka ya sauka. Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. In ka bar damshin farko ya wuce, geronka zai yi ta bin na mutane a baya har kaka. 'Ya'yan Baffa idonsu na kan gona. Su kuma mutanen rugar sun matsu. Nan na ga ranata ta zo. Na ce a sallami su huɗun su je shuka, ni kaɗai na isa in fitar da lakar da fulina.

Na ɗauki gawayi na yi lissafi a bangon zaure. Igiya huɗu, kowace gaba ashirin, gaba tamanin ke nan, sai ɗan jelar da zan riƙe. Igiyoyin guga da muke da su uku ne, kowace gaba ashirin da biyar. Duka saba'in da biyar, ba su kai ba. Na juya ina tunani, sai idona ya sauka a kan igiyar ƙugu, tana rataye a marataya inda take kwana kullum.

Baffa ne ya fara gane inda nake kallo. Bai yi mini magana ba, ƙanensa ya fuskanta. Ya ce, "Kai, ba don laka su huɗun ga ka tsayuwa ba. Don kai na."

Na yi caraf na ce ai in wani abu ya faru, Baba ya maƙala ƙugiyar guga a ɗamararsa kawai. Nauyinsa bai wuce kilo sittin ba, a hannuna sha biyar ne ko ashirin, ni kaɗai zan fito da shi ba tare da na yi gumi ba. Kuma gaskiya na faɗa, babu kuskure ko ɗaya a cikin wannan lissafin.

Baba ya daɗe yana kallon gawayin da ke bango, ko da yake bai san lamba ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Yaya, kwana biyu hitila ba ta ko kyafta ba cikin rijiyag ga. Shuka ko ba ta jira. Kuma yaron ga ya yi karatu. In ba mu gwada abin da yak koyo ba, mi munka kai shi yi?" Da la'asar ya zauna ya warware bakin igiyoyin huɗu, ya saƙa su cikin juna ba ƙulli, don su wuce ta kan fuli sumul. Aiki ne mai kyau. Ba ka iya gane inda ta ƙugu ta fara.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Duk safiyar da Baba zai shiga rijiya, Inna ce ke sauko da igiyar ƙugu, ta bi ta da yatsunta tun daga kai har jela tana neman inda ta ci, sannan ta miƙa masa a ƙofar zaure. Ran nan ta fito da zaninta a kafaɗa, ta ɗaga hannu, ta tarar da marataya babu komai. Ta ce, "Malam, ina igiyar?" Ya ce tana cikin sauran. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Bango ta kalla ta ce, "A gaya ma mai lissahi, ni ban san boko ba. Amma igiyag ga shekara ashirin ba ta taɓa ɗaukar laka ba." Ta koma ciki. Ranar ce kaɗai na san Baba ya fita aiki ba ta miƙa masa komai ba.

Mun isa rugar da hantsi, mu uku. Gari ya yi lumshi, hadari ya taru a gabas ya ƙi tasowa ya ƙi watsewa, ko ganye ba ya motsi. Maza duk sun fita da shanu ko sun tafi shuka, sai mata can wajen bukkoki. Ina kafa gwafa, Baffa ya ɗauki tsintsiya ya shiga share hanyar gudu, gaba ashirin cif, har zuwa shingen ƙaya na garken shanu. Na so in ce masa wa zai yi gudun, na haɗiye. Aka zura fitila. Ta ci, sai dai harshen ya ɗan rage, ya yi ja. Baffa ya daɗe yana kallonta. Baba ya ce damshin ruwan jiya ne, ya yi bisimilla, ya taka guga, na sauke shi a hankali.

Aikin ya tafi daidai, kada in rage wa kaina. Guga bayan guga na fitar ni kaɗai, har ina 'yar waƙa. Na lura igiya na taruwa tuli a ƙafata kuma kowane guga na daɗewa kafin ya iso, amma laka ba ta sauri. Baba ma ya yi mini tsiya daga ƙasa, muryarsa na amsa kuwwa, wai ko barci nake yi tsakanin ja da ja. Wajen azahar lakar ta canza. Ta koma baƙa wuluk, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Baffa ya shinshina, ya matsa bakin rijiyar ya kwanta rub da ciki. Sai ƙarar dagin da Baba ke haƙa da shi ta tsaya. Muka ji tari, aka sake tari. Sannan igiyoyin nan huɗu suka kama rawa gaba ɗaya.

Baffa ya kwarma ihu cikin rijiyar, "Maƙala ƙugiya! Maƙala ga ɗamara!" Ya ɗago ya ce mini, "Ja shi!"

Na ja. Wallahi babu nauyi, yadda na lissafa haka na ji shi a hannuna. Ina ja igiya na zuwa, ina ja tana zuwa, amma Baffa na cewa bai ga ya motsa ba. Sai ya daka mini tsawa, "Saɓa ka ruga!" Na saɓa a kafaɗa na ruga bisa hanyar da ya share, ban tsaya ba sai da ƙirjina ya shiga shingen ƙaya. Tun ina yaro abu ɗaya na sani, in masu gudu sun kai ƙarshen hanya, mutum ya fito. Na waiwaya ina jiran in ga kan Baba. Babu kowa a bakin rijiyar sai Baffa.

Na ce, "Ina yake?"

Ya ce, "Ko rabin rabi bai wuce ba! Dawo!"

A nan, ƙaya a ƙirjina, rabin maganar malaminmu da na bari a littafi ya same ni. Na yi gudun gaba ashirin, Baba ya tashi gaba biyar. Ke nan dole sai na yi wannan gudun sau huɗu.

Baffa ya naɗe igiyar a jikin gwafa ya danne, na dawo na kama daga tushe na sake rugawa. Ina gudu ina karanta Ƙulhuwallahu, ba don na yi niyya ba, bakina ne ya kama da kansa. Cikin gudu na biyu tarin ya daina. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Matan rugar suka jiyo ihu, suka yar da ƙoransu suka zo suka kama igiyar, har da wata tsohuwa. Allah ya saka musu, amma ba ƙarfi muka rasa ba. Ko mutum ɗari ne, sai an ja gaba tamanin. Muna ta cin karo da juna a kan 'yar hanyar nan, mu je shinge mu dawo, igiya na harɗe mana ƙafa. Na wuce Ƙulhuwallahu ta ashirin, daga nan na daina sanin ta nawa nake.

Ya fito kansa a langaɓe, leɓɓansa sun yi toka, ƙugiya na riƙe da ɗamararsa. Baffa ya kwantar da shi yana danna masa ƙirji yana kiran sunansa na yarinta, wanda ban taɓa ji ba sai ranar. Mata na yi masa fifita da faifai. Can ya ja wani numfashi mai ƙara. Aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu asibiti. Sai a kwana na uku ya buɗe ido.

Ya rayu shekara tara bayan haka, amma wanda ya sauka rijiyar nan ba shi ne ya fito duka ba. Hannunsa na dama na rawa, harshensa ya yi nauyi, yakan tambayi abu sau uku a zama ɗaya. Bai sake shiga rijiya ba, sana'ar kakanninmu a kansa ta tsaya. Ba wanda ya ce mini uffan. Baffa har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Inna ta zauna ita kaɗai ta warware saƙar nan zare-zare, ta fitar da igiyar ƙugu, ta mayar da ita marataya. Da duka suka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ni ne ke koyar da wannan darasi, a wata makaranta da ba sai na faɗi sunanta ba. Kowace shekara tambayar na zuwa: fuli huɗu, kaya kilo kaza, nawa ne ƙarfin da ake bukata? Yara su raba da huɗu, in ba su maki, don daidai ne. Sannan in fitar da su fili da igiya, in sa su gudu sau huɗu a rana tsaka, suna guna-guni wai malam ya fara tsufa. Rijiyoyin kuma ba su ƙare ba, sun dai canza abin da ake nema a ciki. Tun da aka fara ganin zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum, samari ke sauka ramukan da suka fi na Baba zurfi, ba fitila, ba hanyar gudu. Na taɓa tsayawa a bakin wani, na ga fuli rataye a itace da mutum ɗaya yana ja yana sauraron rediyo. Na tambaye shi wa ke kan igiya ta biyu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, wace ta biyu?" Na hau babur ɗina na kama hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba ranar rijiyar ba ce, shekarun da suka biyo baya ne. Baba yakan zauna a zaure a kan tabarma yana tufkar wata igiyar rama da ba ta taɓa ƙarewa ba. Abubuwa da yawa sun gushe masa, amma fitowar nan tana nan daram, kuma a wurinsa labari ne mai daɗi. Duk baƙon da ya shigo, sai ya nuna ni da hannun nan mai rawa, fuskarsa cike da alfahari.

"Kun ga yaron ga? Shi yah hid da ni. Shekara talatin ana hizgo ni kamar guga, gwiwa ta bugi bango, kai ya bugi gungume. Ran nan ko, sannu... sannu... ko bango ban taɓa ba. Ban taɓa hita mai daɗi irin ta ba."

Baƙin su sunkuyar da kai, don duk garin an san abin da sannu ɗin nan ta ci. Inna in tana kusa ta tashi ta shige ɗaki. Shi kuma ya juyo gare ni yana jira, kamar kullum, in tabbatar masa. Ba a ƙaryata uba a gaban baƙi. Shekara tara ina buɗe baki ina cewa, "Haka anka yi, Baba."